Abin da Aka Hango daga Kan Dala

Tun zamanin kaka da kakanni, a cikin birnin Kano namiji ba ya hawa abin da ya fi katangar maƙwabcinsa tsayi sai ya yi magana. Magini idan zai hau soro yin yaɓe, a gindin tsani yake tsayawa ya ɗaga murya, "A kimtsa, za a hau!" Sa'an nan ya saurara, har matan gidajen da ke kewaye su jawo mayafi ko su shige ɗaki. Haka mai saran reshen darbejiya yake yi, haka mai hawan dabino. Babu alƙalin da ya rubuta wannan doka, babu kuma unguwar da ta taɓa yafe wa wanda ya taka ta.

Ɗalha ya san dokar kamar yadda ya san sunan mahaifinsa. Har tana cikin labaran da yake ba baƙi.

Sana'arsa kuwa ita ce zagayawa da baƙi su ga birni. A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, masu yawon buɗe ido da aka daɗe ba a ga ƙeyarsu ba suka sake kwararowa Kano. Da safe yake kwasarsu daga masauki a ƙaramar bas. Ya fara da Gidan Makama, ya kai su karofin Ƙofar Mata su ga marina suna tsoma zane a baba, su kutsa Kurmi wajen dukawa, su bi gefen ganuwa yana faɗa musu ƙofofi da sarakunan da aka gina su a zamaninsu. Hawan Dala shi ne rufewa, bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi.

Wannan sana'a ce ta tsaya tsakaninsa da Bahijja.

Bahijja malama ce a makarantar firamare, 'yar Malam Hashim, wanda asalin gidansu Madabo ne amma yake zaune a Gwammaja, a gindin Dala. Sau biyu manyan Ɗalha suka taso daga Ƙofar Ruwa neman aurenta, sau biyu Malam Hashim ya sallame su da addu'a kawai.

"Ba ya ƙira, ba ya saƙa, ba ya saye da sayarwa, ba ya karantarwa," in ji shi. "Bakinsa ne jarinsa, garinmu ne hajarsa. A gidanmu ba a taɓa ba maroƙi 'ya ba."

Yayarsa ce, Gwaggo 'Yardada, ta karya shi, kuma da makaminsa ta karya shi.

"Hashimu, kakanmu bai ba Madugu Mailafiya 'yarsa ba?"

"Ya ba shi."

"To madugu me yake sayarwa in ba sanin hanya ba? Shi ya san hanyar Gwanja, wannan ya san hanyar Kurmi. Ko ka fi kakanmu sanin darajar 'ya?"

Malam Hashim mutum ne da ba ya iya musu da abin da magabata suka aikata. Daga ƙarshe ya ce, "Su zo ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci."

Ranar Laraba aka yi abin da aka yi.

Baƙin ranar sababbin 'yan majalisa ne daga kudancin ƙasar nan, da matansu. Mai masaukinsu kuwa Alhaji Salihu ne, sabon kansila, wanda tun da aka rantsar da shi ba ya amsa sallama sai an ce Onarabul. Shi ma ya daɗe yana sintiri a ƙofar gidan Malam Hashim saboda Bahijja, ba a taɓa karɓar ko goro daga hannunsa ba.

Da ya ga Ɗalha ne kamfanin yawon buɗe ido ya turo, sai ya yi murmushi.

"A'a, malamin yawo! Ashe kai ne za ka ja mu yau?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To a yi mana bayani da kyau. Kada a ƙara gishiri, waɗannan manyan mutane ne, ba Turawan da ake ce wa kunkuru ya shekara dubu ba."

Ɗalha ya haɗiye maganar. Ya ƙudura a ransa cewa yau zai nuna wa Salihu bambancin mai ilimi da mai rawani, kuma ya nuna. A Gidan Makama baƙi suka kewaye shi suka bar kansila yana fifita da hularsa. A karofi matan suka riƙa tafa masa. Kafin su gama hawa matattakalar Dala suna haki, babu wanda ya sake tuna cewa akwai mai masauki.

A can sama birni ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu. Ya nuna musu Goron Dutse, ya nuna hasumiyoyin babban masallaci, ya ba su labarin maƙeran farko da suka zauna a gindin dutsen. Sai wani dattijo mai madubin hangen nesa rataye a wuya ya tambaye shi da Turanci:

"Duk yini katanga kawai muke gani. Yaya cikin gidan Bakano yake?"

Da Ɗalha ya tsaya ya yi tunani, da ya zana musu a ƙasa da tsinke. Amma yabo ya riga ya hau masa kai, ga kuma Salihu a gefe yana saurare. Ya taka zuwa bakin dutsen, ya miƙa yatsa.

"Ku dubi wancan gida mai zankwaye a saman soro. A duk unguwar nan babu gidan da ya kiyaye tsarin Kanawa kamarsa. Ga zaure, inda baƙo yake tsayawa. Ga shigifa, wadda aka karkatar da ƙofarta domin kada ido ya miƙe zuwa ciki. Ga turakar maigida, ga rijiya. Wancan fili kuwa shi ne tsakar gida, inda baƙon namiji ba ya taɓa sa ƙafa."

Dattijon ya ɗora madubi a idonsa.

"Akwai mata a ciki," ya ce da murna. "Ana yi wa ɗaya gyaran gashi!"

Madubi ya shiga zagayawa daga hannu zuwa hannu. Kyamarori masu dogon baki suka fito. Ɗalha ya buɗe baki zai hana, amma me zai ce, alhali yatsansa ne ya nuna?

Na ƙarshen karɓar madubin Alhaji Salihu ne. Shi ya fi kowa daɗewa yana kallo. Da ya sauke, sai ya dubi Ɗalha ya ce a hankali, da Hausa:

"Lalle ka iya bayani, malamin yawo."

* * *

Washegari Bahijja ta dawo daga makaranta ta tarar da gidan kamar an yi rasuwa. Babu wuta a murhu. Mahaifiyarta, Inna Kulu, tana cikin ɗaki ta saki labule. Gwaggo 'Yardada kaɗai ce zaune a bakin ƙofa, ta lulluɓe har goshi, a tsakiyar zafin rana.

"Gwaggo, lafiya? Wa ya rasu?"

"Mutuncinmu ne ya rasu, 'yar nan. Je ki, ubanki yana kira."

Malam Hashim yana zaune a kan buzu a turakarsa, littafi a rufe a gabansa. Sunan mahaifiyarsa Bahijja ta ci, saboda haka Uwata yake kiranta. Ranar bai kira ta da shi ba.

"Zauna, Bahijja."

Ta durƙusa a bakin tabarma.

"Salihu ya zo mini da hantsi. Ya ce jiya wanda kike so ya hau da maza baƙi kan Dala, ya nuna musu gidana da yatsa. Suka kalli uwarki kanta a buɗe, gwaggonki tana yi mata kitso. Suka ɗauki hotonta. Yanzu haka hoton yana cikin jakar wani, za a tafi da shi garin da ban sani ba, a nuna wa mutanen da ban sani ba."

"Baba, ƙarya ne! Wallahi ƙarya yake yi masa. Kowa ya san abin da Salihu yake nema."

"Ya ce zanin da ke jikinta shuɗi ne mai ratsin fari, kuma an gama rabin kan, saura rabi. Tambayi uwarki abin da ta ɗaura jiya."

Bahijja ce ta wanke zanin da hannunta. Hawaye suka cika mata ido, amma ta daure ta ɗago.

"To Baba, shi yaya aka yi ya san launin zanin, in ba shi ma ya kalla ba?"

"Ya ce ya duba ne domin ya tabbatar."

"Tabbatarwa har da ƙirga kitso? Mutumin kirki ai fizge madubin zai yi, ba ya sa a idonsa ba!"

"Kada ki ɗaga mini murya."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ban wanke Salihu ba. Amma idan aka shiga gona, ba a fara tuhumar akuya, sai an tambayi wanda ya buɗe shinge." Ya gyara zama. "A zamanin mahaifina an yi wani magini a Madabo, gwani ne, har gidan hakimi yake aiki. Rana ɗaya ya hau soro bai yi magana ba, mantuwa ce kawai. Mahaifina ya biya shi ladansa cif, ya sallame shi. Daga ranar babu wanda ya sake ba shi ko toshe rami a unguwar, sai da ya koma Bichi. Wannan mutum ɗaya ne, da idonsa biyu. Naki ya hau da jama'a, da madubi."

"Kuskure ne, Baba. Bai san Inna tana waje ba. Ka kira shi ka ji ta bakinsa."

"Kuskure." Malam Hashim ya maimaita kalmar kamar mai tauna maɗaci. "Bari in tambaye ki abu guda, ke da kika yi boko. Yaron nan ya taɓa wuce zaurena?"

"A'a."

"Ke kika zana masa gidan nan?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To ya nuna turakata, ya nuna rijiya, ya san inda ƙofar shigifa ta karkata. Mutumin da bai taɓa wuce zaure ba, a ina ya koyi cikin gidana?"

Bahijja ta sunkuyar da kai.

"Tashi ki tafi. Gobe su zo, ni na ce su zo, ba na kuma janye magana. Amma abin da za su ji daban."

Ta fito ta faɗa ɗakin mahaifiyarta. Inna Kulu tana zaune a gefen gado, ta ɗaure kanta da ɗankwali biyu.

"Inna, ki yafe mini. Ni na jawo miki."

"Ke me kika yi?" in ji Inna, muryarta ƙasa ƙasa. "Ni dai abin da nake ta tunani, dariya nake yi a lokacin. Gwaggonki tana ba ni labari ina ta dariya, baki buɗe. Haka suka ɗauke ni."

Gwaggo 'Yardada ta leƙo daga bakin ƙofa.

"Ni kuwa da tsufana za ni Ikko ban biya kuɗin mota ba. Ko ɗankwalin kirki ban ɗaura ba." Ta yi wata dariya marar daɗi, sa'an nan ta share ido da gefen mayafi. "Ni na tsaya masa, Bahijja. Ni na tono kakanmu daga kabari na kafa hujja da shi. Ga sakayyata."

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu Maharazu, ƙanin mahaifin Ɗalha, ya iso da dattawa biyu da ƙwaryar goro. Labari ya riga ya kai musu, saboda haka da haƙuri suka fara, ba da neman aure ba.

Malam Hashim ya shimfiɗa musu tabarma mafi kyau, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi lafiyar kowa har da jikoki. Da Kawu Maharazu ya gama ba da haƙuri, sai ya ce:

"Malam Maharazu, gidanku gidan Alƙur'ani ne. Tun zuwan kakanninku daga Barno ba a taɓa jin abin kunya a zaurenku ba, ba kuma daga bakina za a fara ji ba. Na yafe wa yaro, duniya da lahira."

"Alhamdu lillahi. Allah ya gafarta Malam."

"Amma yafiya daban, amana daban. Wanda za a ba mace, sutura ake ba shi ya riƙe. Ku koma da goronku, kada ya bushe."

Kawu Maharazu ya yi roƙo, ya kawo aya, ya kawo misalin magabata. Malam Hashim ya saurare shi har ƙarshe, ya shafa fatiha, ya raka su ƙofa da kansa.

Bahijja tana bayan ƙofar shigifa, ta ji komai. Ta kwana biyu ba ta sa abinci a bakinta ba. Ranar Lahadi da hantsi, da Malam ya tafi ta'aziyya Madabo, ta kama ƙafar Gwaggo tana kuka.

"Sau ɗaya kawai, Gwaggo. In ji ta bakinsa. In Baba ya yi masa hukunci bai ji shi ba, ni ba zan yi ba."

"Kina so ubanki ya kore ni daga gidan nan da tsufana?"

"Ke ce yayarsa, ba ya iya korarki."

Gwaggo ta yi tsaki, ta aika aka kira shi. Ta kafa kujerarta a ƙofar shigifa, ta juya musu baya, carbi a hannu.

Ɗalha ya shigo zaure ya rame, idanunsa sun yi ja. Bai zauna a kan tabarma ba, a ƙasa ya durƙusa.

"Bahijja."

"Kada ka fara da rantsuwa, Ɗalha. Na riga na yi maka rantsuwa a gaban Baba, na ce ƙarya ake yi maka. Ashe ni ce maƙaryaciyar."

"Na bi ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗauki hoton har masaukinsa. Na roƙe shi, ya zare fim ɗin a gabana ya ba ni, na ƙone shi."

"Sauran fa? Kyamara ɗaya ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Sauran sun riga sun tashi."

"To."

"Zan bar aikin. Wallahi yau zan bar shi. Zan zauna a rumfar Kawu a Kurmi in sayar da hula. In Baba ya ce in yi dako, zan yi. Ki faɗa masa. Ba zan sake taka Dala ba har in mutu."

Hawaye suka zubo mata. Wannan ita ce maganar da ta kwana biyu tana jira, har ta shirya yadda za ta kai wa Gwaggo, Gwaggo ta kai wa Baba. Amma tambayar mahaifinta ta dawo mata.

"Zan faɗa masa. Amma ka amsa mini abu ɗaya tukuna. Ranar Laraba ce farkon ranar da ka nuna gidan nan?"

Carbin Gwaggo ya tsaya.

"Bahijja..."

"E ko a'a?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina." Ya ɗago da sauri. "Amma ba a taɓa zuwa da madubi ba! Daga can sama mutum ɗan mitsitsi ne, ba a gane fuska. Gini kawai nake nunawa. Alfahari nake yi da gidanku, wallahi. Nakan ce musu ga gidan da ya fi kowane gida asali, a zuciyata ina cewa nan zan yi aure."

"Kullum?"

"Duk ranar da aka hau."

"Suna jin daɗin wurin?"

Bai gane inda ta nufa ba, sai ya faɗi gaskiya.

"Shi suka fi so a duk zagayen."

Bahijja ta rufe fuskarta da mayafi. Kafaɗunta suka riƙa girgiza, babu sauti. Da ta buɗe, muryarta ta canza.

"Ni fa? Ka taɓa hango ni?"

Ya dubi ƙasa.

"Ka ce ba a gane fuska."

"Tafiyarki nake ganewa," ya ce. "Wani lokaci kina shanya. Wani lokaci kina jan ruwa. Baba ya hana ni zuwa zance, Bahijja, wata da watanni. Nan ne kaɗai nake ganinki. Saboda ke nake ɗokin hawan dutsen nan. In laifi ne, son ki ne ya sa ni."

"Da kai kaɗai kake hawa, Ɗalha, da na yafe. Zunubi ne, amma da na ɗauke shi tare da kai, in ce so ne. Sai dai ba kai kaɗai ba ne. Da mutane kake hawa, waɗanda suka biya kuɗin mota. Su ga karofi, su ga kasuwa, su ga ganuwa, sa'an nan a rufe da mu."

"Ba haka ba ne!"

"Yaya ne? Kai da bakinka kake gaya musu cewa an karkatar da ƙofar shigifa domin kada ido ya shiga. Kana faɗa, kana shigar da su ta sama. Magini jahili ya san ya yi magana kafin ya hau. Kai da ka karanta tarihin garin nan kaf, damina guda kana hawa a kanmu, ko sau ɗaya ba ka aiko an ce mu kimtsa ba."

"Ki yafe mini."

"Baba ya ce maroƙi ne kai, na yi kuka na ce malami ne. Ya ce garinmu ne hajarka, na ce bai fahimce ka ba. Ashe bai ma faɗi rabi ba."

Ɗalha ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar yaro.

"Kada ki bar ni, Bahijja. Ki ce in jira. Shekara nawa ne, zan jira. Zuciyar Baba za ta huce."

Ta dube shi, kuma duk da abin da ta faɗa, zuciyarta ta karye. Wa ya san abin da za ta ce? Ta buɗe baki ke nan sai aka ji ƙugin babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, da hayaniyar maza, da ƙarar ƙarfe yana gugar ƙarfe.

Aka yi sallama. Malam Hashim ne ya shigo, a bayansa Alhaji Salihu cikin babbar riga fara, a bayansu kafintoci ɗauke da katako.

Malam Hashim ya dubi Ɗalha a durƙushe, ya dubi 'yarsa, ya dubi yayarsa. Bai yi faɗa ba.

"Yaya, ki shiga ki ce mata su shige ɗaki. Ma'aikata za su wuce."

"Aikin me, Hashimu?" in ji Gwaggo.

"Za a rufe tsakar gida da kwano. Daga katanga zuwa katanga."

Gwaggo ta miƙe tsaye, carbi ya faɗi.

"Ka rufe? Duka? Hashimu, ka ji tsoron Allah! Matar nan shekara talatin ba ta fita sai biki ko rasuwa. Wannan filin ne kasuwarta, shi ne gonarta. Nan take ganin hadari, nan take ganin wata. Lallenta da zogalenta fa, su yi yaya babu rana?"

"Ba ni na ɗauke mata rana ba. Dala ba ya matsawa, baƙi ba za su daina hawa ba, kuma yanzu an san inda ake dubawa. Kakanmu ya toshe tagar bene saboda abin da bai kai wannan ba."

Alhaji Salihu ya gyara wuyan rigarsa, ya yi magana da ladabi, idonsa a ƙasa.

"Ai Gwaggo kada ki damu, kwanon mai kyau ne, ba ya zafi sosai. Da kaina na zaɓo. Mutuncin gidan nan mutuncinmu ne duka." Sa'an nan ya juya. "A'a, malamin yawo, kana nan? Yau babu baƙi ne?"

Ɗalha ya yunƙura zai tashi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Bahijja ta ɗaga masa hannu, ya koma.

Ba Salihu take kallo ba. Mahaifinta take kallo, mutumin da bai taɓa karɓar ko goro daga wannan hannu ba.

"Baba," ta ce a hankali, "kai ka sayi kwanon?"

Malam Hashim ya kawar da kai.

"Alhaji ya kawo gudummawa. Na karɓa."

Babu wanda ke cikin zauren da bai san ma'anar wannan ba. Gidan da ke da 'ya budurwa ba ya karɓar rufi daga hannun mai nema, sa'an nan ya ce masa a'a.

Kafintoci suka fara wucewa da fallayen kwano ɗaya bayan ɗaya, suna karkata su domin su bi ta ƙofar shigifa. Bahijja ta matsa ta ba su hanya. Daga ciki aka ji Inna Kulu tana tambayar Gwaggo ko za a bar mata ko da taki ɗaya a saman lallen.

"Bahijja," in ji Ɗalha, "ki ce wani abu."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

"Tashi ka tafi, Ɗalha. Gobe idan ka hau da baƙinka, ka nuna musu gidan da ya fi kowane gida ƙyalli. Ka ce musu a da akwai mata a ciki da suke ganin sama."

Ta shige ciki. Kafin ya kai bakin titi, guduma ta fara sauka a kan ƙusa.